Darasi na Goma Sha Huɗu: Taken Ƙasa, Daga Tsibirin Ingila Zuwa Filin Makarantar Sheme

Duk wanda sammako ya taɓa biyowa da shi ta gefen makarantar firamare a nan Sheme, ko yana kan hanyar gona da fartanya a kafaɗa, ko kuwa ya nufi mararraba don ya tari motar Funtuwa ko ta Ƙanƙara, ba zai rasa ganin yara sun jeru sahu-sahu kamar masu shirin salla ba, an ɗaga tuta mai launin kore da fari, malami ya daka tsawa kowa ya ƙame, sa'an nan su ɗauki wata waƙa da murya ɗaya cikin harshen da galibinsu ba su kai ga fahimtarsa ba tukuna. Wannan waƙa ita ake kira taken ƙasa. Da yake mu manya muna jin ta a rediyo safe da dare, kuma akan ce mu miƙe tsaye in an buga ta a wurin taro, ya kamata mu san asalinta, don kada mu zama kamar wanda ya tarar ana gudu ya bi, bai tambayi abin da ya koro mutane ba.

Kalmar take ba baƙuwa ce gare mu ba, kuma wanda ya fara zaɓen ta don ya fassara wannan abu na Turawa ya yi dace ƙwarai. Tun kafin wani Bature ya tako ƙasar Hausa, kowane mai sana'a yana da takensa: mahauta suna da nasu a bakin kalangu, maƙera a dundufa, manoma a gangar noma, haka 'yan dambe da mafarauta da 'yan tauri. Dattawan da ke cikin wannan aji sun ga gayya a zamanin da ake yin ta sosai, sun kuwa san yadda abin yake. Samari sun sunkuya a kunya, rana ta take, gumi ya jiƙa kowa, hannu ya fara sanyi. Sai makaɗi ya matso bayan wani saurayi, ya sauya hannu a kan ganga, ya saki wani ɗan gajeren kiɗa wanda baƙo ba zai bambanta shi da na ɗazu ba. Nan take sai ka ga saurayin ya ɗago kai, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya yi kururuwa ya faɗa wa kunyar kamar yanzu ya iso gonar, alhali kuwa na kusa da shi ko gezau bai yi ba, domin ba nasa aka kaɗa ba. To, sirrin take ke nan, kuma ina roƙon ku riƙe shi har ƙarshen darasin nan: take yana da mai shi, kuma ba ya aiki sai mai shi ya ji ya gane nasa ne.

Sarakuna su ma suna da nasu, wanda ya fi na kowa kwarjini, wato tambari da kakaki da algaita, waɗanda ba a kaɗa ko busa wa kowa su sai mai sarauta, ko da dukiyar mutum ta kai ta Ƙaruna. Tuta ma mun san ta, gama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, tutoci ya ba almajiransa, kuma Malam Ummarun Dallaje yana cikin waɗanda suka karɓo ta Katsina. Abin da ba mu sani ba a dā shi ne a ce ƙasa ɗungurungum, ba wani mutum guda ba, ita ce mai take. Wannan kuwa ya zo mana ne ta wata doguwar hanya, wadda mafarinta yake a wani tsibiri mai nisa.

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina, kamar tudun nan da kan rage a tsakiyar fadama in damina ta yi albarka, sai dai shi ruwan da ake nufi a nan bahar ne mai gishiri, wanda ba a ganin gaɓarsa ta ƙetare. Ingila, wadda ta mulke mu, a kan irin wannan tsibiri take, tare da Sikotilan da Welis. A cikin shekarar 1745, zamanin Sarki Joji na Biyu, wani yarima mai suna Charles Edward Stuart, jikan wani sarkinsu da aka tuɓe a 1688, ya sauka a Sikotilan ya tara mayaƙa da niyyar ƙwato gadon kakansa. Irin wannan rikici na gidan sarauta da aka kora yana neman komowa ba sabon abu ba ne ga Bakatsine, wanda ya san yadda zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa Maraɗi bayan jihadi, suka kuma shekara da shekaru suna kawo hari da begen komawa birnin kakanninsu. A watan Satumba na shekarar nan yariman ya fatattaki rundunar sarki a wani wuri da ake kira Prestonpans, labari ya iso Landan, hankalin mutane ya tashi. Ran 28 ga watan, da aka gama wasa a wani gidan wasan kwaikwayo da ke Drury Lane, sai 'yan wasan suka fito gaba ɗaya suka rera wata waƙa, wadda wani gwanin kiɗa mai suna Thomas Arne ya shirya musu amonta. Jama'a suka yi ta tafi suna neman a maimaita, aka kuma ci gaba da yin ta dare bayan dare, har sauran gidajen wasa suka ɗauka. Wanda ya tsara kalmominta tun asali, har yau masana tarihinsu ba su daidaita a kansa ba.

Ma'anar waƙar kuwa addu'a ce tsantsa ga sarki, ana roƙa masa tsawon rai da nasara bisa maƙiya, wato abin da mu mukan taƙaita a gaisuwar fada, da abin da limamai a daulolin Musulunci suka daɗe suna yi in sun ambaci sarkin zamani a huɗubar Juma'a. Tsoro ne ya haife ta, ba murna ba. A watan Afrilu na 1746 aka karya rundunar yariman a Culloden, fitina ta kwanta, amma waƙar ba ta kwanta ba, sai ta zama al'ada. Abin mamaki kuma, har wa yau babu wata doka da majalisar Ingila ta taɓa zartarwa ta ce wannan ne taken ƙasa, al'adar ce kawai ta ɗaure shi, ta kuwa ɗaure shi tam fiye da yadda doka za ta yi. In sarauta ta koma hannun mace sai a sauya kalma ɗaya ko biyu, kamar yadda aka yi a 1952 da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta hau, aka kuma mayar a 2022 da ta rasu ɗanta ya gaje ta. Wasu ƙasashen Turai ma amon suka ara suka ɗora nasu kalmomin, har ƙaramar ƙasar nan Liechtenstein tana amfani da shi zuwa yau.

Da Baturen mulki Lugga ya ci Kano da Sakkwato ya shigo Katsina a 1903, wannan take ya biyo sojansa a bakin begila da badujala. Daga nan ya zama abin da ake bugawa in Gwamna ya zo rangadi, da ran 24 ga Mayu wadda ake tunawa da daular Ingila a makarantu, 'yan makaranta suna maci ana wasannin tsere. Wurin da aka fi ganin abin a fili shi ne hawan daba na Kaduna a farkon 1956, sa'ad da Sarauniya ta zo da kanta, sarakunan Arewa suka hallara da dubban dawaki: ga kakaki da algaita a wannan gefe, ga badujala a wancan, kowane yana kiran sunan ubangidansa. A ganina talakan da ya tsaya a bayan igiya ran nan bai sha wahalar fahimtar abin da ke gudana ba ko kaɗan. Ya san tambarin Sarkin Katsina na Sarkin Katsina ne, wannan kuwa na Sarauniyar Ingila ne. Ba nasa ba ne, ba wanda ya ce nasa ne, ba a kuma nemi jikinsa ya yi tsuma ba, ladabi kawai aka nema, ya kuwa ba da.

Wahalar ta fara ne daga ranar da aka ce ƙasa ta zama tamu. Da mulkin kai ya gabato, gwamnatin tarayya ta sa gasa a 1959 don a samo tuta da take. Tutar, wani ɗan ƙasa ne ya zana ta, Michael Taiwo Akinkunmi, yana ɗalibi a Landan a lokacin. Amma taken, kalmominsa wata Baturiyar Ingila ce da ke zaune a Ikko, wato Legas, mai suna Lillian Jean Williams ta tsara su, amonsa kuma wata Baturiyar ce, wadda aka sani da suna Frances Benda. Da tsakar daren da ya wayi gari 1 ga Oktoba, 1960, a filin sukuwa na Ikko, wanda yanzu ake kira da sunan Tafawa Ɓalewa, a gaban Gimbiya Alexandra wakiliyar Sarauniya da Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari, aka buga sabon take. Wato dai mun sallami taken tsibirin nan ta ƙofar gaba, 'ya'yan tsibirin suka ɗinka mana wani suka miƙo ta taga. Tun a lokacin akwai waɗanda abin ya yi wa ciwo, suna cewa ƙasar da ta cika da mawaƙa da makaɗa ba ta rasa mai yi mata take ba.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa abin da ke cikinsa ba abin ƙi ba ne. Baiti uku ne: na farko ya amsa cewa kabilu da harsuna sun bambanta amma ya kira mutane zuwa ga 'yan'uwantaka, na biyu yana magana a kan tuta da gaskiya da adalci da abin da za a bar wa na baya, na uku kuwa addu'a ce ga Ubangijin halitta a kan kada a zalunci kowa, a sami salama da wadata. Sai dai bai cika shekara bakwai ba aka shiga yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, 'yan'uwantakar da ake rerawa ta sha jini.

Bayan yaƙi, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, wadda ɗan Katsina Shehu Musa 'Yar'aduwa yake na biyu a cikinta, ta ga ya kamata a yi take wanda 'yan ƙasa suka tsara da hannunsu. Aka sake sa gasa, aka tsinci kalmomi daga rubutun mutum biyar aka haɗa: John Ilechukwu, da Eme Etim Akpan, da Babatunde Ogunnaike, da Sota Omoigui, da P. O. Aderibigbe. Amon kuwa shugaban badujalar 'yan sanda, Benedict Odiase, shi ya tsara shi, ya sa masa ganguna a gaba don a ji ƙamshin Afirka. A 1978 aka fara amfani da shi. Wannan shi ne taken da yawancinku kuka sani, dalili kuwa shi ne ya zo daidai da zamanin da makarantar boko ta shiga ƙauyuka gadan-gadan, gama a 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a shekarar ce kuma aka shigo da alkawarin nan na biyayya ga ƙasa da yara kan karanta bayan take. Na 1960 bai wuce garuruwan da ke da makaranta da gidajen da ke da rediyo ba. Na 1978 shi ne ya iso Sheme da 'Yankara da Sabuwa, ya shekara arba'in da shida yana fita daga bakin yara kowace safiya, ko da yake, in za a faɗi gaskiya, yadda yaranmu suke lanƙwasa kalmominsa, waɗanda suka rubuta shi ma da sun ji sai sun nemi tafinta.

Ana nan sai a watan Mayu na 2024 majalisar tarayya ta zartar da doka cikin 'yan kwanaki kaɗan, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu ran 29 ga watan, aka komo da taken 1960. Masu goyon baya suka ce ya fi wancan ratsa zuciya, kuma babban taron ƙasa na 2014 ya riga ya ba da shawarar haka. Masu suka suka ce an yi gaggawa ba a shawarci jama'a ba, an koma ga abin da baƙi suka rubuta, kuma a lokacin da kwanon masara ya gagari magidanci ba waƙa ce ta dami mutane ba. Na ga wani abu a wancan makon wanda ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi. Wani tsohon malamin makaranta da ya daɗe da yin ritaya, wanda 'yan unguwa suka fara mantawa da shi, sai ga malaman firamare matasa sun zo zaurensa da takarda da alƙalami, sun durƙusa suna cewa, “Baba, a taimaka mana da yadda ake rera shi, gobe akwai taron safe.” Tsohon ya gyara zama a buzunsa, ya yi gyaran murya, ya ɗauko abin da ya haddace yana ɗan aji uku, muryar tana rawa, amma ko kalma ɗaya bai yar ba.

Maƙwabtanmu na Nijar su ma sun bi irin wannan hanya, amma suka fita ta wata ƙofa dabam. Takensu na 1961 Faransawa ne suka tsara shi, kalmomin na Maurice Albert Thiriet ne, kuma akwai wani wuri a ciki da mutane suka daɗe suna ƙorafi a kansa, suna ganin kamar godiya ce ake yi wa wanda ya mulke su don ya ba su 'yanci. A watan Yuni na 2023 majalisarsu ta amince da sabon take. Cikin shekara guda ke nan, Maraɗi ta yar da na Turawa, Katsina ta koma ga na Turawa, ga shi kuwa tsakaninsu tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Amma dukansu biyu da harshen Turai ake rera su, alhali Hausa ake ciniki da ita a kasuwannin garuruwan biyu.

Da yake da tsibiri muka fara, bari mu leƙa wani kafin mu dawo gida. A bahar ɗin da ke gabas da Afirka, tsakanin Mozambik da Madagaska, akwai tsibiran Komoro, waɗanda Larabawa ke kira Juzurul Ƙamar, mutanensu Musulmi ne, ba su kuma kai miliyan ɗaya ba. Sun sami mulkin kai daga Faransa a 1975, kuma taken da suke amfani da shi tun 1978, wanda Said Hachim Sidi Abderemane ya rubuta, da harshensu na gida yake, ɗan'uwan Sawahili. Yana tuna musu cewa jininsu ɗaya addininsu ɗaya, yana kuma lissafa tsibiransu huɗu da sunayensu, har da Maore, wadda mutanenta suka zaɓi zama ƙarƙashin Faransa, take kuma hannunta har yanzu. Masuncin da ke cikin kwalekwale ya ji sunan tsibirinsa a cikin taken ƙasarsa ba ya bukatar a gaya masa nasa aka kaɗa. Kada dai a ɗauka take ya raba su da fitina, gama ƙasar ta sha juyin mulki iri-iri. Kuma abin da ya yi musu sauƙi mu ba zai yi mana ba, domin a ƙasa mai ɗaruruwan harsuna, duk harshen gida da aka ɗauka sai sauran sun ce an yi son kai, shi ya sa aka fake da Ingilishi, wanda ba na kowa ba ne.

To, a nan ne maganar gangar noma ta komo. Taken sarki ana kaɗa masa ne, talaka ya saurara daga nesa. Taken ƙasa kuwa, bisa ga ma'anarsa ta haƙiƙa, talaka shi ne mai take, shi ne kuma makaɗin kansa, domin mulkin jamhuriya nasa ne; tsarin mulki na 1999, a sashe na 24, ya sa girmama tuta da take cikin wajibban kowane ɗan ƙasa, tsayuwar da ake yi kuwa ta ladabi ce irin wadda ake yi wa babba, ba ta ibada ba. Amma doka tana iya tayar da mutum tsaye, ba ta iya sa shi tsuma. Mu mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, waɗanda suka ga gonaki sun koma daji saboda 'yan bindiga, waɗanda kuma ba su manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, sa'ad da aka kwashe yara fiye da ɗari uku daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka kora su daji, yaran da kullum safe suke tsayawa su rera taken ƙasar nan, muna da hujjar da ta fi ta kowa mu san abin da baitin nan na uku yake roƙo. Wanda ya san ma'anarsa, in shugaba ya zo yawon neman ƙuri'a aka buga take kowa ya miƙe, yana iya tuna masa bayan an zauna cewa shi ma yanzun nan ya tsaya ya roƙi Allah kada a zalunci kowa a ƙasar nan, sa'an nan ya tambaye shi labarin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara bayan la'asar.

Aikin wannan mako kashi biyu ne. Kowa ya sa ɗansa ko jikansa da ke makaranta ya rera masa taken sannu a hankali, ya zo da kalma uku da bai gane ba, mu fassara su tare a allo, baiti bayan baiti, har mu sami Hausarsa da hannunmu. Sa'an nan kowa ya tambayi dattijo ko tsohuwar gidansu ko akwai taken da ake kaɗa wa gidan a dā, na noma ne ko na fawa ko na ƙira, wane makaɗi ne yake kaɗa shi, kuma yaushe ne rabon da a ji shi. Ya rubuto amsar da hannunsa, ko da layi biyu ne, za mu fara da karanta su ran Asabar in Allah ya kai mu.